Rasuwar Ajidan, Motar da Aka Toshe wa Hanci

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har wuya, ni Muniru ɗan marigayi Issifou mai mota, na Zongon Lome, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da 'yan kasuwar Adawlato, da direbobin hanyar Atakpame, da duk wanda ya taɓa sa kafaɗa ya tura ta, rasuwar babbar motarmu Ajidan. Ta cika ranar Talatar da ta wuce, a cikin watan Maris na wannan shekara ta 1976, da misalin ƙarfe biyu na rana, a tsakiyar hawan tudun Tokoin, bayan jinyar wata goma sha huɗu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Liman ya ce ƙarfe ba a yi masa salla, na kuma yarda. Amma ya ce wannan kalma ta halatta ga duk wanda masifa ta samu, ni kuwa ta same ni.

Da Hausa na rubuta wannan sanarwa, da hannuna, zan kuma manna ta a jikin mangwaron garejin Tchakoura. Masu karanta rahoto a ofis Faransanci suke karantawa, an kuma riga an ba su tasu takardar. Wannan ta mutanen Zongo ce, waɗanda suka san marigayiya tun tana da ƙarfinta.

An ƙera ta a ƙasar Faransa, a shekarar da ba wanda ya sani, domin ƙaramin farantin da aka buga tarihinta a kai tsatsa ta cinye shi tun kafin ta zo hannunmu. Ta yi aikin soja a ƙarƙashin Faransawa, ta ɗauki sojoji da buhunan shinkafarsu da kwalaben da ba zan ambata a cikin sanarwar rasuwa ba. Da suka tattara nasu ya nasu za su tafi, aka yi gwanjonta a bariki, Baba ya saye ta. Shi ya raɗa mata suna Ajidan, wato muƙamin sojan nan da ya tsufa a bariki yana daka wa mutane tsawa, bai zama hafsa ba, bai kuma koma gida ba. Koriya ce, doguwa, mai faɗin fuska. Wanda zai shiga gabanta sai ya tattare rigarsa ya taka sau biyu. Da Baba ya rasu, ita ya bar mini, da ita nake ciyar da gida.

Marigayiya ba ta tashi da makulli kamar motocin yaran yanzu. Batirinta tun fil'azal rago ne. Da manibel ake tayar da ita, ƙarfen nan mai lanƙwasa da ake zurawa ta ƙasan fuskarta a juya da hannu. Akwai ladabin abin. Da safe za ka ja cok, mai rage wa inji iska, har ƙarshe, ka taka totur sau biyu. Sau biyu na ce. In ka ƙara na uku, fetur ya cika mata maƙogwaro, sai ka nemi wuri ka zauna. Sannan ka zagayo gaba, ka riƙe manibel ba tare da ka naɗe babban yatsa a kansa ba, domin takan mayar da hannu, ta kuma taɓa karya wuyan hannun Baba a ranar da ya zage ta. Juyi na farko za ta ce hah. Na biyu, hah, hah. Na uku sai ka ji tuf, tuf-tuf, tuf-tuf-tuf, gurrrum, kajin unguwa su watse. Shekara goma sha biyar tana hannunmu a kan wannan ƙa'ida, ba ta taɓa neman juyi na huɗu ba.

Ba gidan da ba ta yi wa hidima ba a Zongo. Ta kwaso albasa da masara da gawayi, ta kai goro Babbar Kasuwa, ta ɗauko ragunan layya suna yi mata fitsari a gado ba ta ce komai ba. Kayan ɗakin amare ita ke kai su har unguwannin Djidjolé da Cacavéli, mata na guɗa a bayanta. In an yi rasuwa, ita ke ɗaukar makara da masu rakiya, a ranar kuma a hankali take tafiya ko ban sassauta ƙafa ba. Tana da laifinta, ba zan ɓoye ba. Tana shan fetur kamar mai gaba da shi, birkinta kuma sai an roƙa. Amma ba ta taɓa barin ɗan adam a hanya ba.

Ciwon ajalinta ya soma ne a watan Janairun bara. Ana shirin babban bikin jam'iyya, aka ce kowace unguwa ta kawo motar da za ta ɗauki matan da ke rawa da waƙa a fareti. Shugaban reshen jam'iyya na unguwarmu Yaya Inoussa ne. Ya girme ni da shekara huɗu, a ƙwarya ɗaya muka ci tuwo muna yara, shi ya koya mini hawan keke. Ya zo ƙofar gidanmu da mutum biyu suna ɗauke da allo. Allon ƙarfe ne mai kauri, an zana tambarin jam'iyya a tsakiya, an rubuta kalmomin godiya da Faransanci a ƙasa, faɗinsa daidai faɗin fuskar Ajidan. A bayansa akwai lamba, an kuma shigar da lambar nan a littafin ofis da sunana. Yaya Inoussa ya ce a duk motocin Zongo Ajidan aka zaɓa, saboda ita ce mai kama da soja, kuma wannan girmamawa ce ga gidan Issifou. Jama'a sun taru suna kallo. Na ce na gode. Har na ce wa mutanensa su bari, kada su lauya mata ƙarfe, na ɗauko sifana na ɗaure noti huɗun da hannuna, tamau.

A zatona kwana ɗaya ne. Bayan biki na je na tambayi Yaya Inoussa ranar da za a zo a cire. Ya ce umarnin ɗaurawa a rubuce ya zo, na cirewa bai zo ba tukuna, wanda kuma ya cire da hannunsa sai ya shirya yin bayanin dalilin da ya sa tambarin ya yi masa nauyi. Ba sai na yi wa mutanen Zongo dogon sharhi ba. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasar nan, kowa ɗanta ne tun ranar suna. Mu kuwa da kakanninmu suka zo daga Katsina da Kano, ko da a nan Lome aka binne cibiyarmu, abin da za a tambayi wani sau ɗaya sau biyu ake tambayarmu. Mun san waɗanda aka kira ofis a kan abin da bai kai wannan ba, mun kuma san yadda suka dawo.

To, ga wanda bai san mota ba, bari in faɗa a fili. Fuskar mota ita ce hancinta. A bayan ragar ƙarfen nan ta gaba akwai lagireto, inda ruwan inji ke zagayowa, iska ta ratsa ta sanyaya shi. Allon ya rufe ragar ruf, ko tsinke ba zai wuce ba.

Sati bai cika ba ta fara nuna alama. Da safe za ta tashi lafiya lau, juyi uku, kamar kullum. Mu ɗauki hanya, a yi tafiyar minti ashirin ko talatin, allurar zafi ta soma hawa. Sai ka ji buf. Can kuma buf-buf. Ƙarfi ya zare daga ƙarƙashin ƙafata, ta yi ta jan jiki, ta tsaya cik. In sauka in juya manibel har kafaɗata ta ce ta gaji, ba abin da za ta ce sai hah, hah, hah. Zafin injin ne ke tafasa fetur a cikin bututu, ya zama tururi, famfo ya yi ta zuƙar banza. In aka bar ta sa'a guda ta huce, juyi uku, gurrrum, kamar ba ita ba. Wanda bai sani ba sai ya ce iskanci take yi. Numfashi take nema.

Na kai ta wurin Tchakoura. Duk Lome ba bakaniken da ya san irin waɗannan motoci kamarsa. Bakotokole ne, mutumin Sokode, a kan motocin soja ya koyi aiki, yana iya gane ciwon inji daga ƙofar gareji da kunne kawai. Na ba shi labari. Ya zagaya ta sau ɗaya, ya zo gabanta ya tsaya. Ya daɗe yana kallon allon. Ya dube ni. Ya dubi bencin da ke ƙarƙashin mangwaro, inda mutum biyar ke zaune, huɗu mun san sana'arsu, ɗaya ba wanda ya san abin da yake yi sai zama. Sannan ya goge hannu da tsumma, ya ce, "Maigida, buji ne."

Aka sake buji, wanda mutanen Kano ke ce wa fulogi. Washegari ta tsaya a gaban gidan waya. Na koma. Tchakoura ya ce kafireta ce ta yi datti. Ya kwance ta ɗaya bayan ɗaya a kan buhu, ya wanke da fetur, ya hure kowace ƙaramar kafa da bakinsa, ya mayar. Ta tsaya a hanyar tashar jirgin ruwa. Ya ce kwayil ne ke zafi yana yanke wuta, aka sa sabo. Ya goge kwantak da takardar yashi. Ya sauke tanki ya girgiza shi da tsakuwa, wai tsatsa ce ke toshe bututu, aka zubar, tankin fes. Ya sake wayoyi, ya ɗaure fanbel, ya sake famfon fetur. A wata goma sha huɗu ba gaɓar da ba a zarga ba a jikin baiwar Allah nan, har hon sai da aka duba. Duk lokacin da Tchakoura zai faɗi sabon ciwo, bayansa yake juya wa allon. Mutum ne mai kunyar aikinsa, kuma ina ganin abin yana cin sa. Ban taɓa jin haushinsa ba, domin ni ma da na kawo ta na san abin da ke damunta, ina kuma gyaɗa kai ina cewa lallai kwayil ne.

Mun yi dabaru, kada a ce mun zuba ido. Na riƙa naɗa jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon fetur, ina tafiya da jarkoki huɗu na ruwa. Na daina karɓar aikin rana, sai na sassafe. In na tsaya a Adawlato, sai in juya ta ta fuskanci teku, ko iskar ruwa za ta sami hanya ta ƙasa. Muka cire murafan injin na gefe biyu, ta ɗan sami sauƙi. Kwana uku Yaya Inoussa ya aiko a kira ni, ya ce an kai magana cewa tambarin jam'iyya yana yawo a gari a jikin mota tsirara. Muka mayar. Tchakoura ya kawo dogayen noti da guntayen katako, muka tura allon gaba kamar faɗin yatsu huɗu, ba tare da ɗayanmu ya faɗi dalilin da ya sa muke yi ba. Wallahi sati biyun nan ta koma yarinya, har Atakpame muka je muka dawo ba tari ko ɗaya. Amma gargadar hanya ta sassauta na sama, allon ya sunkuyo gaba kamar zai kifa. A wani shingen hanya wani jandarma ya tsaya yana kallonsa, ya karkata kai, ya tambaye ni tun yaushe abin yake a sunkuye haka, wa kuma ya sunkuyar da shi. A nan gefen titi na zare katakon na ɗaure shi yadda yake da.

Wani zai ce me ya hana ka ajiye ta a gida. Ai motar da ke ɗauke da allo ba ta ajiyuwa. Duk baƙon da za a tara, duk taron da za a yi, takarda za ta zo: Ajidan ta kawo mata talatin wuri kaza, ƙarfe kaza. Kuma a jerin gwano ake tafiya, taku-taku, cikin rana, irin tafiyar da ko motar da hancinta ke buɗe ba ta so. Wani zai ce ka sayar mana. Na gwada. Mutum uku suka zo, kowa ya yaba tayoyi, ya ƙwanƙwasa gado, ya zagayo gaba ya ga allon, sai ya tuna yana da wani uzuri a gida. Cirewa ba hali, ajiyewa ba hali, sayarwa ba mai saye. Haka na zauna da ita, ina tuƙa ta zuwa ga ajalinta kowace safiya, ina sane.

Mutum ɗaya ne ya faɗi gaskiya da babbar murya a duk tsawon jinyar, ita ce matata Asiyatu. Wata rana da azahar na turo motar gida da taimakon jama'a, na buɗe murfi ina yi wa injin fifita da murfin kwali. Ta fito da taɓarya a hannu, ta tsaya tana kallona. Ta ce, "Baban Adjara, noti huɗu ne fa. Ni da nake dakan sakwara, ka ba ni sifanar in kwance." Na ce ta rage murya, gidan haya muke, ɗaki takwas ne a tsakar gidan nan, kowane ɗaki da kunnuwansa. Ta ce ita dai ba ta taɓa zaton za ta ga ranar da mijinta zai tsaya yana yi wa mota fifita kamar mai jego ba. Na ji zafin maganar har cikin ƙashina, amma ban ba ta sifanar ba. Na ci gaba da fifitar.

Sau ɗaya na sami Yaya Inoussa shi kaɗai, bayan sallar la'asar, muna tafiya a lungun bayan masallaci. Na ce, "Yaya, motar nan mutuwa za ta yi." Ya ce, "Na sani, Muniru, ina da ido." Na ce to ya rubuta musu mana, ya nemi izini. Ya tsaya ya dube ni, na ga ya tsufa fiye da yadda na sani. Ya ce, "In rubuta in ce me? In ce tambarin jam'iyya yana hana numfashi? Faɗa mini yadda zan jera wannan da Faransanci in kwana a gidana." Na zo da fushi cike da ciki, na koma da shi ban sami inda zan sauke ba, domin shi ma a ɗaure yake kamar ni, igiyarsa ce kawai ta fi tawa kyau.

Daga watan Disamba jikin ya rikice. Yawan tafasa ya ƙone gaskit, abin da ke raba ruwa da mai a cikin inji. Na zaro sandar awon baƙin mai, na ga ya koma fari-fari kamar koko. Farin hayaƙi ya riƙa fita ta baya. Tashin safe, wanda shi ne abin alfaharinta, shi ma ya gagara. Juyi goma, juyi ashirin, sai in kwance buji in tarar da shi jiƙe da ruwa, in shanya a rana in mayar. Daga baya sai da turi. Mazan Zongo sun tura ta har suka gaji, ya zamana in na fito da manibel a hannu, sai in ga majalisar mai shayi ta watse, kowa ya tuna bai yi alwala ba. Ban ga laifinsu ba. Tchakoura ya sake gaskit sau biyu. A karo na biyu, yana ɗaure kan injin, ya ce da ni ba tare da ya ɗago ba, "Wannan ma zai ƙone." Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan.

Ranar Talatar da ta rasu, takarda ta zo cewa a kai mata filin jirgin sama tarar baƙo. Da ƙyar ta tashi. Mata talatin suka hau, sanye da atamfar jam'iyya, da gangunansu. Muka shiga jerin motoci, muka ƙetare tafkin da ya ratsa gari, muka fara hawan Tokoin taku-taku, rana na dukan kwano. Allura ta wuce ja ta kwanta. Ina jin ruwa yana tafasa a cikinta, ƙul-ƙul-ƙul, kamar tukunyar wake. A tsakiyar hawan ta ce buf, ta tsaya. Na ja birkin hannu, na sa hannu ƙarƙashin kujera na ɗauko sifana, na sauka.

Zan faɗi wannan yadda ya faru, domin shi ya hana ni sukuni tun ranar. Na zagaya gabanta da sifanar a hannuna. Aikin minti biyar ne. In kwance noti huɗu, in jingine allon a gefe da ladabi, in bar iska ta ratsa ta, in ba ta ruwa a hankali, da ta kai mu ta dawo da mu. Har na ɗora sifanar a kan notin farko, ƙarfen ya ƙona mini yatsa. Na ɗaga kai. Sojoji biyu suna tsaye a bakin titi da bindigogi. Motocin baya suna ta hon. Matan suna ci gaba da waƙa, domin ba wanda ya ce su daina. Yaya Inoussa ya sauko daga motar gaba, ya tsaya nesa kaɗan, idonsa a kan takalminsa. Ɗaya daga cikin sojojin ya tako ya tambaye ni me nake yi wa allon. Na ce ƙara ɗaure shi nake yi. Na kuwa ƙara ɗaure shi, yana kallo.

Sannan na zura manibel na juya. Da ta ƙi tashi, da ta tsira, amma soja ce, ba ta saba ƙin umarni ba. Ta ce hah, ta ce tuf, ta kama. Na hau na sa giya. Ta yi kamar taku hamsin tana rawar jiki, sai na ji ƙang daga can cikin cikinta, ƙara guda ɗaya, sannan tsit. Na sauka na kama manibel, ya ƙi motsi ko kaɗan. Na hau kansa da ƙafa, bai motsa ba. Injin ya narke ya kama kansa. Aka sauke matan aka raba su a wasu motoci, jerin ya zagaye mu ya wuce. Na zauna a kan matakalarta na yi kuka a gaban mutane, ina da shekara talatin da takwas, ban ji kunya ba. Ni na kashe ta. Allo bai da hannu, ni ke da hannu, sifanar kuma a hannuna take.

Saboda ta mutu a bakin aikin jam'iyya, an buƙaci takardar dalili, don a tabbatar ba da gangan aka tsayar da jerin ba. Tchakoura ya rubuta da Faransancinsa na gareji cewa tsufa ne. Yaya Inoussa ya buga hatimi. Na sa hannu a ƙasa. Mu uku a ɗaki ɗaya, ba wanda ya dubi idon wani.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, da Asiyatu, da 'ya'yanmu mata biyu, Adjara da Meimuna, waɗanda ba su san wata hanyar abinci ba sai ita. Ta bar manibel ɗinta, wanda hannun Baba da nawa suka goge har yana sheƙi. Ta bar Tchakoura, wanda tun ranar Talata bai kunna rediyo a gareji ba. Ta bar matan Adawlato masu albasa suna neman wanda zai jira su gama ciniki ba tare da ya yi musu hon ba. Ta bar wani babban gwangwani cike da buji da kwayil da wayoyi da famfo, duk an cire su daga jikinta bisa zargi, duk lafiyarsu ƙalau, ina neman afuwarsu. Ta kuma bar allon, cikin ƙoshin lafiya, ko ƙwarzane babu.

Ga yadda aka tsara jana'iza. An riga an jawo gawar zuwa garejin Tchakoura, tana nan ƙarƙashin mangwaro ga mai son ganin ƙarshe. Ranar Alhamis mai zuwa bayan la'asar za a sa mata wutar walda a yanka. Tayoyi na masu yin takalma ne. Katakon gadonta za a yi benci da shi a kai makarantar unguwa. Tankin Asiyatu ta ce a bar mata ta tara ruwa, tunda an wanke shi fiye da kowace randa a Lome. Kujerar direba ba ta sayarwa ba ce, kada wanda ya tambaya. Ba za a dafa abinci ba, za a raba goro. Ina roƙon masu zuwa gaisuwa, in za su tambayi abin da ya same ta, su ce tsufa ne ko, ni kuma in ce tsufa ne, a wuce wurin.

Sai batun allo, wanda dole a gama da shi kafin wuta ta taɓa ta. Izini ya zo a rubuce jiya. Ba na cirewa ba ne, na sauya mazauni ne. Yaya Inoussa ya yi mini bayani cewa allon ba ya komawa ofis, domin wanda ya mayar sai ya faɗi dalili. Da sunana aka rubuta shi, don haka a wurina zai zauna, kuma ƙa'ida ita ce ya fuskanci titi inda jama'a za su gani. Takardar har ta yaba mini bisa yadda na kula da shi. Sun zo da safiyar yau sun duba gaban gidanmu da igiyar awo. Bangon tsohon tubali ne, ba zai riƙe ƙarfe mai nauyi haka ba. Ƙofa kuma ta mutane takwas ce da iyalansu. Abin da ya rage mai katako mai ƙwari, mai kallon titi, shi ne tagar ɗakina. Suka auna, ta yi daidai, ko yatsa ba a rage ba. Ita kaɗai ce taga a ɗakin.

Ranar Laraba da hantsi za a ɗaura. Asiyatu kuwa wannan karon ta naɗe tabarmarta da ta yara ta fitar tsakar gida. Saboda haka masu zuwa ta'aziyya kada su nufi ɗaki, su same mu a waje, ƙarƙashin rumfar kwano, kusa da murhu. Zaman makoki kwana uku ne. Wanda bai samu zuwa a cikinsu ba kada ya damu, ya zo duk ranar da ya samu hali, a nan zai tarar da mu.